Muhawara: Yaushe lemon kwalba ya zama ma'aunin karrama baƙo?

Ɗan Ƙofar Doka: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a ce na cika neman magana. Me ya sa a garin nan namu na Zariya in baƙo ya zo aka kawo masa kunun aya ko zoɓo mai sanyi sai a ga kamar an rage masa daraja, amma in aka dire masa lemon roba, ko da rana ta gama dafa shi a bakin shago, sai a ce an yi masa tarba ta mutunci? Ana shirin suna a gidanmu, na ce a cika kuloli da zoɓo da kunun aya, gwaggonnina suka ce wai so nake dangin mai jego su tafi da mu a baki. Mu kaɗai ne haka, ko duk ƙasashen da ke kewaye da mu haka abin yake?

Hajiya ta Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗana, gwaggonninka sun fi ka sanin mutane. Ka yi zoɓonka, ba wanda ya hana, amma ka ajiye katan biyu ko uku na maltina saboda surukai. Mata ba sa manta abin da aka ba su a gidan suna. Shekara goma sai ka ji ana cewa "gidan da aka ba mu ruwan ja a leda."

Ɗan Ƙofar Doka: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai abin da nake tambaya ke nan. Wa ya ɗora mana wannan dokar?

Hajiya ta Tudun Wada: Ba wanda ya ɗora, shigowa ta yi a hankali. Muna yara a cikin birni, baƙo in ya sauka ruwan randa ake fara ba shi a kwanon sha, sai a dama fura, in namiji ne babba a haɗa da goro. Lemo sai da Sallah, ko in wani ya kwanta asibiti a kai masa. In kuwa aka yi babban baƙo, za a aiki yaro da kwalbar da babu komai ciki ya kai wa mai shago a musanya, don ba a ba ka mai lemo sai ka kawo fanko. A ɗauko kofin gilashin nan da ba a taɓawa sai irin wannan rana, a ɗauraye, a jera a faranti tare da mabuɗi. Mu kuma muna bayan labule muna leƙe, muna addu'ar Allah ya sa baƙon mai kunya ne. Baƙon kirki ba ya shanyewa, sai ya bar kamar yatsa uku a gindin kwalba, yana fita mu yi wawa. To wanda ya tashi a haka, ka ce masa zoɓo da lemo ɗaya ne? Ba zai ji ba ko da kuwa bakinsa ya fi son zoɓon.

Mai Shago, Sabon Gari: Hajiya ta faɗi rabi, bari in cika. Lemo kowa ya san kuɗinsa. In ka ajiye wa mutum maltinar gwangwani, ya san nawa ka kashe a kansa, ba sai ka faɗa ba. Zoɓo kuwa ko kin zuba abarba da kanumfari da citta na dubu nawa, shi dai gani yake ganye ne aka tafasa. Ni da nake bayan kanta ina ganin abin kullum. Mai zuwa gaisuwar surukai ba ya tambayata wanne ya fi daɗi, cewa yake "wanne ne ba za a raina ba?" Har lemon ma hawa-hawa ne: na gwangwani da na kwali suna sama, na roba yana biye, ƙananan nan masu araha na yara ne da 'yan rakiya.

Alhaji Mai Goro: Salamu alaikum. Tambayar yaron nan ta biyu ba wanda ya taɓa ta, wato ko maƙwabtanmu ma haka suke. Ni fatauci ya kai ni Maraɗi da Damagaram da Yamai, ya kai ni Kumasi, kuma na yi zama da mutanen Senegal da Mali a masauki. Lemon kwalba yana ko'ina, babu ƙauyen da motarsa ba ta shiga. Amma matsayin da ake ba shi ya bambanta.

A Nijar in ka sauka gidan mutum, ruwa ne farko, sai fura. In an zauna fada kuwa shayi ne sarki: ɗan ƙaramin buta a kan gawayi, a dafa na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, ana zuba shi daga sama har ya yi kumfa. Wanda ya zauna ya dafa maka shayi sau uku ya ba ka lokacinsa, kuma su a wurinsu wannan ya fi kwalba. Mutanen Senegal su ma haka suke da shayinsu bayan abincin rana. Zoɓon nan da muke jin kunyarsa, su bisab suke ce masa, kuma a babban biki za ka gan shi a jere da ruwan kuka da na citta, ba mai jin an wulaƙanta shi. A Gana sobolo ne, ana sa shi a robobi masu kyau, ma'aikacin banki ya saya ya riƙe a hannu yana tafiya. A zangon Kumasi kuma akwai burkina, gero da nono, 'yar'uwar furarmu. Sai dai kada in yi ƙarya, a Gana ma in biki ne ko jana'iza sai an sauke kiret-kiret na lemo da malt. Abin da na lura shi ne su sun ƙara lemo a kan nasu, mu kuma mun ture namu mun ɗora lemo a gurbinsa.

Ɗalibin Samaru: Baba Alhaji, wannan jimlar ta ƙarshe zan ɗauka in kai ajinmu.

Mai Shago, Sabon Gari: Alhaji, ban yarda mun ture namu ba. Je ka bakin kasuwar Sabon Gari da azahar ka ƙirga masu kulolin zoɓo da kunun aya. Sun fi masu lemo ciniki in ana zafi. Abin da dai ba mu yi shi ne mu ba baƙo. Mu sha a tsaye a kasuwa, e. Mu ɗora a faranti, a'a.

Alhaji Mai Goro: To ai ka ƙara ƙarfafa maganata ne, Malam. Abin da kake sha a ɓoye kake jin nauyin miƙa wa baƙo, ka ture shi ke nan.

Malam na Kongo: Bari in sa baki da ɗan tarihi, don a san abin bai daɗe ba kamar yadda muke zato. An kafa kamfanin da ke cika Coca-Cola a Najeriya a 1951, ƙarƙashin A.G. Leventis, ya fara aiki a Legas a 1953. Kamfanin Seven-Up ya fara nasa ranar 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka samu 'yancin kai. Maltina ta fito a 1976. Ke nan kakannin da yawa daga cikinmu sun yi aure, sun yi suna, sun aurar, ba su taɓa ajiye wa kowa kwalba ba, kuma ba a ce sun yi rowa ba.

Lemo ya shigo ne tare da albashi, da kanti, da firji, da rayuwar ma'aikatan reluwe da na jami'a. Wanda ke da lemo mai sanyi a gida yana da wuta, yana da firji, yana da kuɗin wata. Shi ya sa ya zama alama. Malt kuma ta samu karɓuwa a Arewa saboda tana da kauri da tsada irin na abin shan manya, ga shi babu giya a ciki, sai ta zama abin da Alhaji zai riƙe a taro ba a yi masa wani kallo ba.

Wani abin dariya kuma, tunda Alhaji Mai Goro yana nan: mai haɗa magunguna John Pemberton da ya ƙirƙiro Coca-Cola a Atlanta ta Amurka a 1886, da goro ya haɗa ta. Goron nan dai da fatakenmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga Gwanja, wanda masu tarihi ke cewa a zamanin Sarauniya Amina ya yawaita a ƙasar Hausa.

Alhaji Mai Goro: Allah ya gafarta Malam, to ashe bashi suke ci mana.

Maman 'Yan Biyu: Ni sana'ata ke nan, zoɓo da kunun aya da lamurje, a Gyallesu nake. Ina ta karantawa ina dariya, don duk kun kauce wa abin da mata ke faɗa a tsakar gida. Ba kuɗi kaɗai ba ne. Kwalba a rufe take zuwa. Ku lura, a gidan da aka san ya kamata, ba a buɗe wa baƙo lemo, a rufe ake kawo shi ya buɗe da hannunsa. Me ya sa? Wata ba za ta sha abin da kishiyar 'yar'uwarta ta dama ba, ko da ƙishirwa za ta kashe ta. Tsoron sammu ne, ko mu faɗa ko mu yi shiru. Wani kuma tsoron ruwan yake, bai san daga wace rijiya aka ɗebo ba, bai san robar da aka zuba ba daga ina aka tsinto ta. Wannan na biyun kuwa laifinmu ne masu sana'ar, don akwai masu sayen robobin da yara suka tsinto a gidan biki su ɗauraye sama-sama. Ni sababbi nake saya masu murfin da ke ƙullewa, kuma da tafasasshen ruwa nake yi, amma mai saye ba shi da hanyar bambance nawa da na waccan.

Ga kunun aya ba ya jimiri. In na markaɗa da asuba, aka ɗauke wuta, ƙanƙara ta narke, kafin la'asar ya fara tsami. Lemo kuwa wata nawa zai yi a ƙarƙashin gado yana jiran baƙo. Uwar gida da baƙo ya faɗo mata ba sanarwa, yaushe za ta jiƙa aya?

Hajiya ta Tudun Wada: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Maganar rufaffiyar kwalba gaskiya ce tsantsa, ni dai na ji nauyin faɗa ne.

Ɗan Ƙofar Doka: Maman 'Yan Biyu, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ke nan ba zaƙin ake saye ba, murfin ake saye.

Anti Nas: Ni a ɓangaren masu ciwon suga nake aiki, don haka ku yi haƙuri in ɓata muku hira kaɗan. Lemon kola na yau da kullum yana da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100. Robar nan ta santilita 50 da yaro ɗan firamare ke shanyewa shi kaɗai ta haura giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu zuwa sha uku. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga ci da sha a rana, kusan giram 50 ga babban mutum, kuma ta ce in an tsaya a rabin haka, wato cokali shida, ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini, ba a zo kan shayin safe da koko ba.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan dubiya. Mutum na kwance sukarinsa ya hau, sai ga dangi da leda cike da malt da madarar gwangwani, wai a haɗa masa ya ƙara jini. Malt ba ta ƙara jini. In ka hana, a ce ma'aikatan asibiti ba su da tausayi. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, "To 'yar nan, hannu rabbana zan shigo?" Na ce Mama ki zo da ƙwai ko lemon ɓawo, ta dube ni kamar na zage ta.

Kuma Maman 'Yan Biyu, kada ki ji daɗi da yawa, ku ma ban ƙyale ku ba. Na ga yadda ake juye sukari da gwangwani a bokitin zoɓo, a ƙara filebo da garin lemon leda mai kala. Wannan da na kwalba duk kanwar ja ce. Bambancin kawai, na gida kina da ikon ragewa.

Maman 'Yan Biyu: Anti Nas, in na rage ba sa saye! Na gwada. Yaro ya kurɓa ya ce "Mama yau zoɓonki salam." Sai masu ciwon suga da 'yan jami'a ke neman marar sukari, su kuma sai sun yi mini waya tukuna.

Ɗalibin Samaru: Ni a wurinmu matasa abin ya wuce maganar baƙo ma. Lemo abinci ne. Lebura a wurin gini, burodi da lemo ne abincin ranarsa. Mu a makaranta lokacin jarrabawa, lemon ƙara kuzari ne da biskit. Direban Keke Napep daga Kwangila zuwa Samaru, duba gefen sitiyarinsa za ka ga roba. Ba don burga ba ne, shi ne abu mafi sauri da zai toshe yunwa, ga sanyi. Sannan akwai wanda ba a so a faɗa: robar lemo ta zama mafakar masu shaye-shaye, a juye maganin tari a ciki a riƙe a hannu kamar ba komai. Tun da gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 abin ya ɗan canza salo, amma har yanzu iyaye in suka ga yaro da roba ɗaya tun safe har yamma yana kurɓa kaɗan-kaɗan, ya kamata su sa ido.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara, kada a kama sunan kowa ko unguwar kowa a wannan ɓangaren. A ci gaba.

Hajiya ta Tudun Wada: Ni abin da na gani a Saudiyya ya fi namu. Kowace shinkafa da kaza da lemonta, kuma Pepsi ta fi yawa. Da azumi kuwa akwai wani ja da ake sirkawa da ruwa, Vimto, ba a buɗa baki sai da shi.

Malam na Kongo: Hajiya, akwai dalili. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta ƙaurace wa Coca-Cola daga 1968 har zuwa 1991 saboda harkarta da Isra'ila, sai Pepsi ta samu fili ita kaɗai. Vimto kuma asalinsa na Manchester ne a Ingila, amma yau ya zama kayan azumin Larabawan yankin Gulf, har yaransu na zaton nasu ne tun kaka da kakanni. Kun ga al'ada ba ta buƙatar shekara dubu, tsara biyu ta isa. Su ma da abin ya dame su, Saudiyya ta sa harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon gas da kashi 100 a kan na ƙara kuzari a 2017.

Mai Shago, Sabon Gari: Malam kada ka tuna wa gwamnati haraji don Allah, da wanne za mu ji?

Malam na Kongo: Ai tuni ta sa. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a robar santilita 50, wa zai fasa saye saboda naira biyar? Afirka ta Kudu ta fara nata a 2018, Gana ta sa kashi 20 cikin 100 a 2023. Amma ƙasar da ta fi ba ni mamaki Meziko ce. Suna cikin waɗanda suka fi kowa shan lemo a duniya, har a jihar Chiapas akwai garin da ake amfani da Coca-Cola a wurin ibadar gargajiya. Vicente Fox da ya zama shugaban ƙasarsu a 2000, shugaban kamfanin Coca-Cola na ƙasar ne a da. Ciwon suga ya yi musu yawa har suka sa harajin peso ɗaya a kowace lita a 2014. To wannan Mezikon ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya. Buhunan da ake tarawa a Jigawa, a kasuwar Maigatari da kewaye, can ake kai yawancinsu, su jiƙa su sha da abinci a gidajensu da gidajen cin abinci.

Alhaji Mai Goro: Ikon Allah. Mu ga zoɓo a Jigawa, ga citta a Kachiya, ga rake da mazarƙwaila a Makarfi nan kusa da mu, ga tsamiya a kowane daji, amma sai an zuba mana ruwa da sukari da kala a roba muke jin mun fita kunyar baƙo.

Mai Shago, Sabon Gari: Alhaji ka bar ganin laifin mutane. Kamfani ya kawo mini firji kyauta, ya kafa mini allo a ƙofar shago, motarsa na zuwa har bakin kanta, in kaya ya kusa lalacewa akwai kwanan wata a jiki. Wa ya taɓa yi wa zoɓo haka? Ran da mai zoɓo ta kawo mini shi a rufe, da suna, da ranar da aka yi, da lambar NAFDAC, zan jera shi gaba da lemo.

Anti Nas: Ni dai roƙona ga iyaye mata, a daina sa lemo a kwandon abincin 'yan makaranta kullum, a daina ɗura wa jariri a murfi wai ya ɗanɗana. Haƙoran da muke gani na yara 'yan shekara biyar abin tausayi ne. Na baƙo kuma ku ci gaba da rigimarku, baƙo ba kullum yake zuwa ba.

Hajiya ta Tudun Wada: A nan kam na bi bayanki. Jikokina ruwa nake ba su, sai ranar Juma'a in dama musu fura. Amma surukai dai maltina, ko Malam zai kawo tarihin Meziko goma.

Maman 'Yan Biyu: Mai Shago, da gaske kake ko hira ce? Lambar NAFDAC ba ni da ita tukuna, amma sabuwar roba da murfi mai ƙulli da takardar kwanan wata duk ina iya yi.

Mai Shago, Sabon Gari: Da gaske nake, Maman 'Yan Biyu. Sai dai firjin kamfani ba a sa kayan wani a ciki, a ƙaramin nawa zan sa miki. Ki fara da zoɓo, kunun aya ki bari sai wuta ta daidaita. Ki aiko yaro da roba ashirin ranar Alhamis kafin azahar, abin da bai shiga ba zuwa Asabar ki ɗauki abinki.

Anti Nas: Biyar daga ciki a yi su babu sukari, a ɗaura musu zare a wuya don a gane. Zan aiko a karɓa in na tashi daga aiki.